Zagin da Ake Amsawa da Amin

Umm Sarkis maƙwabciyata ce a ƙauyenmu na Ma'alula da ke kusa da birnin Dimashƙ, mai gasa gurasa, kuma ban taɓa ganin ranar da ta wuni ba ta fusata ba. Tun da masana suka shelanta wa duniya cewa Aramiyancin da muke cinikin albasa da shi dangin yaren Annabi Isa ne, zaginta ya daina aiki.

Baƙi kan zo da na'urar ɗaukar murya su yi cirko-cirko a bakin tanderunta. Ta ce, "Ku matsa, 'ya'yan jakuna, kun tare min iska!" Sai su runtse ido su ce amin. Wani Bajamushe har da hawaye.

'Ya'yanta kuwa Larabci suka kama. Ta zage su da yaren kakanninsu, su ce, "To, Mama."

Mutum ɗaya ta rage mai rama mata daidai: Hanne, ta bayan katanga. Tun suna amare suke faɗa a kan wani ɓaure mai saiwa a gidan Hanne, rassa a gidan Umm Sarkis. Akwai kalmomin da ni malamin makaranta ban taɓa ji ba sai a bakinsu, kuma ba na shiga aji ba ne.

Sai ɗan Hanne ya zo daga Dimashƙ zai tafi da uwarsa, wai ta tsufa.

Umm Sarkis ta tare ni a hanya. "Malam, in mayyar nan ta tafi, wa zan zaga? Kai? Kai da kake magana kamar mai karanta labarai?"

Na ce ta roƙe ta ta zauna. Ta dube ni kamar na ce ta sha kananzir.

Ranar tafiya an ɗaure kaya, Hanne ta shiga mota. Umm Sarkis ta fito da gatari, ta hau saran reshen ɓauren a gaban kowa.

Hanne ta banko ƙofar motar. "Tsohuwar akuya! Ɓauren mijina?"

"Mijin naki da ko faski bai iya shukawa ba? Tafi mana, 'yar birni!"

"Wallahi ba inda za ni sai na ga bayanki!"

Ɗan ya yi lallashi har ya gaji, ya sauke kayan.

Wasu baƙi da suka ɗauki faɗan tun daga farko suka tambaye ni wace addu'a ce wannan. Na ce ta zaman lafiya ce.