Bindigar Kakan Onarabul

Shekarar da sojoji suka koma bariki, ɗiyata tana gab da yaye. Tafiyarta ta yi ƙwari, kuma duk faɗin gidan babu inda take so sai zaure, inda ubanta yake ƙira. Gidanmu yana Ƙofar Guga, cikin wani lungu da mota ba ta shiga sai ta gogi katanga. Zauren ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta waje, ɗaya ta cikin gida mai asabari, kuma daga bakin murhuna ina hango rabinshi ta tsakanin karan asabarin. Ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya. Amma ido dai Allah ya ba ni, kuma tun da yarinyar nan ta fara rarrafe ban sake zama na ba ƙofar nan baya ba.

Maigidana bindigar toka yake gyarawa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Gado ya yi wurin mahaifinshi, wanda duk gidan muke kira Baba. Shekara ɗaya na riske shi a raye, ni ke kai mashi fura zaure da hantsi, in durƙusa in ajiye in fito. A 'yan tsayuwar nan na lura da wani abu. Duk bindigar da aka kawo, ko ta waye, kafin ya gama amsa gaisuwa sai ya jawo wata siririyar sandar ƙarfe ya zura a bakinta har ta tsaya, ya dafe wurin da babban yatsa, ya zaro, ya shimfiɗa ta a jikin bututun daga waje. In ta kai har gindi, babu komai ciki. In ta gaza, akwai ɗuri. Na taɓa jin wani maharbi yana ta rantsuwa cewa tashi fanko ce, Baba ya ce mashi shi ba ya ƙaryata kowa, sandar ce ke da tambaya, a bari ta yi. Ya kuma ce maharbi da ɗuri yake rataye bindigarshi, ya mutu ya bar ta haka, magada su sayar ba su sani ba.

Zamanin soja masu zuwa wurinmu mutanen ƙauye ne, daga wajen Batsari da Jibiya, bindiga naɗe cikin tabarma, suna waige-waige. Da aka koma farar hula sai ga wasu irin baƙi masu ƙamshin turare. Babbansu wani ɗan unguwarmu ne da ya ci zaɓen kansila. Jiya-jiya yana sayar da tsofaffin tayoyi a bakin tasha, yau ba a kiranshi sai da Onarabul, har uwar da ta haife shi. Ya gina falo, ya manna jan kafet a bango, ya shiga tara tsofaffin bindigogi yana ratayewa. Yana aika mutane ƙauyuka su sayo mashi, wadda ta fi tsatsa ita ta fi daraja. Na shiga falon sau ɗaya ranar sunan da matarshi ta yi, na gan su jere, kowace da labarinta. Wannan an yi yaƙi da ita, waccan wani jarumi ne ya ba kakanshi. Uwar mijina, Inna, ta san kakan nan sarai. Ta ce ɗinkin hula yake yi a ƙofar gida, bawan Allah mai sanyin hali, ko kaza za a yanka sai ya aika maƙwabta.

Sai dai ni da Inna muna da tamu matsalar. Yarinyar ita ce ta fari a wurina, kuma a gidajenmu uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari. Ba ki kiran sunanshi, ba ki ɗaukarshi gaban surukai, ko faɗuwa ya yi sai ki kau da kai ki bar kaka ta ɗaga. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Amma duk lokacin da na ga ta doshi zaure, inda wuta take, da masaba, da ƙarfe mai zafi, sai in bar abin da nake yi in bi ta da ido. Inna takan ce 'ya'yan maƙera a bakin wuta suke girma, ita ta raini bakwai a zauren nan ba wanda ya ƙone, in rage rawar jiki kada mutane su ce ba a koya mini kunya a gidanmu ba.

Ranar wata Alhamis ce da hantsi. Na ji mota ta tsaya a bakin lungu, sai ga Onarabul cikin farar shadda, da wasu mutum biyu a bayanshi waɗanda ban taɓa jin sun faɗi wani abu ba ban da “haka ne, ranka ya daɗe”. Ɗayansu ya rungumo bindiga cikin sabon yadi. Aka yi gaisuwa, aka tambayi gida da iyali da gajiya da jama'a, maigidana yana tsugune kamar gaban alƙali. Sannan Onarabul ya faɗi abin da ya kawo shi. Wannan ita ce uwar bindigogin, ta kakanshi ta hannu, kuma bayan la'asar wasu manya za su zo mashi daga Abuja. So yake kunamar ta riƙa motsi, ya ja ta a gabansu su ji ta ce ƙas.

Maigidana ya juya ta, ya ce tsatsa ta cinye gindin, kusoshin ba za su kwance ba sai an cire ƙotar an sa ƙarfen a wuta. Ina kallo ya miƙa hannu wurin da sandar Baba take jingine.

“Haba maƙeri, me za ka auna?” in ji Onarabul. “Wannan ta fi shekara ɗari ba ta ga albarushi ba. Ni da bakina na busa ta jiya. Ko ƙarya nake?”

Mutum biyun nan suka ce haka ne, ranka ya daɗe. Hannun maigidana ya tsaya a iska, ya sosa gwiwa da shi, ya dawo da shi. Mutumin da ya gaji sandar nan, ya ga ubanshi ya zura ta a bindigar hakimai, yau ya kasa saboda mai taya ya sa shadda.

Da ya cire ƙotar ya ɗaga bututun wajen haske, sai na hango wata alama a jikinshi. Zane uku na magagari a kusa da gindin, na tsakiya ya fi tsawo. Alamar Baba ce, ita yake sa wa duk wadda ya ƙera da hannunshi, da bututun sitiyarin tsofaffin motoci. Ke nan bindigar yaƙin shekara ɗari a zauren nan aka haife ta, kuma Baba bai taɓa ƙera wa kowa ba sai maharba. Na tabbata maigidana ya ga zanen. Na ga ya shafa wurin da yatsa, ya kai gindin cikin gawayi.

To bakin bindiga dole ya kalli wani wuri. Ba a nuna shi ga babban baƙo, rashin ladabi ne. Ba a nuna shi ƙofar waje, nan mutanen Onarabul suke zaune. Sai maigidana ya juya shi cikin ladabi ya kalli ƙofar cikin gida, ya ɗora a kan wani dutse. A bakin ƙofar nan ɗiyata take zaune a ƙasa, tana buga murfin kwano da tsinke. Tsawon dutsen da tsawon kanta a zaune ɗaya ne. Shi bai ma gan ta ba, idonshi yana kan fuskar Onarabul.

Na juya wurin Inna, tana tsintar shinkafa a kan tabarma tsakar gida. Murya ƙasa-ƙasa na ce mata bindigar ƙirar Baba ce, ba a sa sanda ba, ga yarinya a saitinta, ta taimaka ta ɗauko ta. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce maganar zaure ta maza ce, ɗanta ba yau ya fara ƙira ba, in koma kan tukunyata.

Sai na ji zugazugi ya fara numfashi.

Ban san lokacin da na ture asabarin ba. Babu mayafi, hannuna duk garin kuka. Na fizgi yarinyar ta hannu ɗaya na saɓa ta a kafaɗa, da ɗaya hannun na kifar da kaskon ruwan da ake tsoma ƙarfe a kan wutar. Tururi da toka suka tashi suka cika zauren, suka sauka a kan farar shaddar nan. Yarinya ta fasa kuka. Ni kuma abin da ya fito daga bakina, gaban baƙi, gaban mijina, kalma uku ne.

“A sa sanda.”

Ba zan manta fuskar maigidana ba. Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Onarabul kuwa ya kakkaɓe hannun riga, ya yi wata dariya ta manya.

“Maƙeri, ashe kai ma da shugaba a gidanka. To ai mulkin farar hula ake, kowa da bakinshi. A sa wa Hajiya sandarta mu huta.”

Mutanenshi suka yi dariya daidai tsawon tashi dariyar. Maigidana ya jawo bututun da awartaki, ya bari ya huce, ya ɗauki sandar don ya kunyata ni kowa ya gani. Ya zura, ta tsaya. Ya dafe, ya zaro, ya shimfiɗa a waje. Ta gaza da yatsa huɗu.

Ya sake, wai ko tsatsa ce. Yatsa huɗu. Ya ɗauko waya mai ƙugiya ya shiga jawowa a hankali. Tsumma ya fara fitowa, guntun atamfa, har furenta bai gama kodewa ba. Sai ƙwayoyin boris na keke da guntayen ƙusa suka zubo a tafin hannunshi, sai wani tsumman, sannan albarushi, baƙi wuluk, busasshe. Ɗaya daga cikin mutanen ya yi ƙarfin hali ya ce ai wannan ya daɗe da mutuwa. Maigidana ya tsinci kaɗan da yatsa biyu ya jefa kan wani garwashi da ruwana bai kai gare shi ba. Ya tashi fuu, hasken ya kai rufin zaure, mai maganar ya tsinci kanshi a waje babu takalmi ɗaya.

Na ɗauka yanzu Onarabul zai dubi yarinyar da ke kafaɗata, ko da kallo ɗaya. Ina! Hankici ya zaro daga aljihu ya shimfiɗa, ya ce a zuba mashi ƙwayoyin nan, kada ko ɗaya ta ɓace.

“Allahu akbar,” ya ce. “Ɗurin kakana na ƙarshe. Da hannunshi ya ɗura wannan.”

Haka ne, ranka ya daɗe. An ce mini har yau suna nan a falon cikin wani ɗan kwanon tangaran, yana nuna wa baƙi harsashin mutanen da, su kuma suna girgiza kai suna mamakin jarumtar mai ɗinkin hula. Babu wanda ya taɓa tambaya wane keke ake hawa a wancan yaƙin.

Ranar maigidana bai ci tuwona ba. Kafin la'asar Inna ta gama gaya wa maƙwabta uku cewa ɗanta ya auro marar kunya, wadda ta shiga cikin maza kai ba mayafi, ta rungumi ɗiyar fari a gaban baƙi kamar ita ta fara haihuwa a duniya. Amma na lura washegari ta ja tabarmarta daga inda ta saba shimfiɗawa shekara da shekaru, saitin ƙofar zaure, ta mayar gindin bango wajen randa. Wai rana ce ta dame ta.

Sai bayan kwana uku maigidana ya yi mini maganar. Yana wanke hannu, bai dube ni ba, ya ce da na aika a kira shi ciki na gaya mashi a hankali, da ba a yi abin kunya ba. Na tambaye shi ko ya ga zane ukun. Ya daɗe yana cuɗa hannun da ya riga ya fita. Ya ce ya gani.

A makon nan ya kafa ƙusa a jikin ƙofar waje ya rataye sandar Baba, yadda duk mai shigowa sai ya wuce ta. Ya mirgino wani tsohon turmi ya cika shi da yashi ya jingina a kusurwa, can bakin kowace bindiga yake kallo yanzu. Onarabul ya ci gaba da aiko da nashi, sai dai bai sake zuwa da kanshi ba. Cikin waɗanda ya aiko daga baya an sami biyu da ɗuri, maigidana ya kwashe ya ƙulle a takarda ya aika mashi, tun da abin tarihi ne.

Matan lungunmu sun sa mini suna mai kashe wuta, kuma ya bi ni har gidan biki. Ina amsawa. Yarinyar yanzu ta shiga Islamiyya, ran Juma'a nakan zaunar da ita tsakanin ƙafafuna a tsakar gida in yi mata kitso, Inna tana gani tana tsaki. Ina tsaga gashin ina bin kan da yatsa daga goshi har ƙeya, lafiyayye, babu ko tabo. Fuskata kuma tana kallon asabarin.