Layin da ba ya tashi ranar Laraba

A shekarun da na yi ina kula da intanet a wani ƙaramin ofishin kiwon lafiya a Bodinga, babu abin da na yarda da shi kamar zanen da kwamfutata take fitarwa. Duk bayan minti biyar takan tambayi akwatunan intanet ɗinmu yawan bayanan da suka bi ta cikinsu, sai ta ja layi. In ana aiki layin ya hau, in ba a yi ya kwanta. Ni kuwa a lokacin ina da zafin kai, ina ganin mutum zai iya yin ƙarya amma ban da inji.

Muna da wani ƙaramin asibiti a yankin Shagari da muka haɗa da ofishinmu ta dogon ƙarfe da faranti mai kama intanet. Layinsa a zanen kullum a kwance yake, ko motsi babu. Lokacin abubuwa sun yi tsanani, ana ta rage duk abin da ake ganin ba shi da amfani. Shugaban ofishinmu ya kira ni, ya ajiye takardar zanen a gabana, ya ce tunda ba sa amfani da shi, nan da mako biyu a kwance farantin a kai wani wuri.

Abin ya ɗaure mini kai, domin duk Laraba ni nake kai wa asibitin man janareto, kuma da idona nake ganin jami'ar lafiyar da ke wurin tana aiki. Ranar ce kaɗai suke da wuta, don haka take tara aikin mako guda: sunayen yaran da aka yi wa rigakafi, buƙatar magani, da hotunan da take tura wa likita a Sakkwato in ciwo ya fi ƙarfinta. Amma maimakon in zargi zanena, sai na zarge ta. Na ce mata wataƙila da wayarta take turawa ba ta sani ba.

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, wace waya? Nan ko kira sai mun hau bisa tudu. In kunka ɗauke abin ga, mota za ni riƙa shiga da takardu, masu ciki su zamna jirana."

Kunya ta kama ni, amma ban nuna ba. Na koma Bodinga na hau bincike. Na canza wayar da ke shiga akwatin. Na duba ko wata kafar ta akwatin kwamfutar take ƙirgawa ba ta Shagari ba. Na duba agogonta, na duba ma'aunin da take amfani da shi, ko ta ɗauki mudu a matsayin buhu. Komai daidai. Kwana biyar ina abu ɗaya, har matata ta ce in abin ya gagara in kai kwamfutar a yi mata tofi.

A rana ta shida na bar kallon zanen, na buɗe ainihin lambobin da aka zana shi da su. Nan na ga abin da ya sa na miƙe tsaye. Ranar Laraba, daga ƙarfe tara na safe zuwa bayan la'asar, ba sifiri aka rubuta ba, babu komai ne gaba ɗaya. Kwamfutar ba ta yi tambaya ko sau ɗaya ba, alamar a kashe take. Manhajar ce take cike giɓin da miƙaƙƙen layi don kada zanen ya yanke. Akwatin Shagari kuwa da an kashe janareto yake mance abin da ya ƙirga. Wato a ranar da ake aiki, mai ƙirgar ba ya nan.

Saura in san wa yake kashe ta. Da Laraba ta zo na fita da jarka kamar zan tafi, na tsaya wajen masu albasa na ɗan lokaci, sannan na dawo. Na tarar da Baba masinja a ofishina. Dattijo ne da ya kama aiki tun jamhuriya ta biyu, kowa yana girmama shi. Ya kashe kwamfutar, ya zare filogi, ya lulluɓe ta da wani tsohon ƙyallen atamfa, har ya ɗora dutse a gefe don kada iska ta ɗaga.

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata a yi wa sa'an ubana. Har yau ina nadamar wannan.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Yaro, lokacin tsuke bakin aljihu anka hore mu. In mai ofis ya hita, a kashe hitila, a kashe hwanka, a ruhe tafireta. Kayan gwamnati amana na. Shekara nawa ina yi, ba wanda yat taɓa ce mani na yi laihi."

Gaskiyarsa. Ni ne ban taɓa gaya masa cewa wannan injin aikinsa ke nan ya zauna a kunne ba. Kafin in dawo daga Shagari kuma yakan yaye ƙyallen ya kunna mini, don in tarar da ita a shirye. Na ba shi haƙuri, na zaunar da shi na yi masa bayani. Na roƙi shugabanmu ya ƙara mana Laraba ɗaya, ya yarda da ƙyar.

Wannan Larabar wani na aika da man. Ni da Baba muka ja kujeru gaban kwamfutar. Tara ta yi, shiru. Tara da rabi, shiru. Wajen goma saura kwata sai layin ya ɗaga kai, ya hau, ya ƙara hawa, kamar an tara tsibin gero a tsakiyar fili. Na yi ihu har ma'aikatan ofishin kusa suka leƙo.

Baba ya matso da fuskarsa, ya nuna tudun da yatsa. "Wanga mi na?"

Na ce masa sunayen yaran da aka yi wa allura ne, da hotunan marasa lafiya suna tafiya wurin likita.

Ya dubi ƙyallen da ke ninke a cinyarsa. Ya ce, "Ashe mutane nika ruhewa."

Ba a kwance farantin ba. Daga ranar, duk Laraba in na tafi Shagari, Baba yakan kawo kujerarsa bakin ƙofar ofishina ya zauna, ko mai shara ba ya bari ya kusanci filogin. Ƙyallen kuwa ya shimfiɗa shi a ƙarƙashin kwamfutar, ya ce aƙalla kada ƙasa ta taɓa ta.