Ƙarshen da Ba na Kaka Ba

Gidan kakata yana Djougou, ko Zugu kamar yadda ita take faɗa, a unguwar masu goro. Sunanta Dije, amma mu jikoki Kaka kawai muke cewa. Duk hutun makaranta babanmu yakan sa mu a mota daga Parakou, ni da yayana Sani, mu je mu yi wata biyu a wurinta. Damina ce lokacin, sabuwar doya ta fara shigowa daga Kolokondé. Da an sauke tukunyar tuwo an yi magariba, ba ta yarda garwashi ya mutu a banza. Sai ta tura doya biyu cikin toka, ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, mu kuma mu takure a madafa muna jin ruwa na dukan kwano.

"Kunne nawa aka kawo mini yau?" haka take buɗewa.

"Biyu-biyu!"

"Ƙarya kuke. Na Sani guda yana cikin toka wurin doya."

Kaka ba ta da tausayi a tatsuniya. Wanda mutuwa ta kama sai ya mutu, ko da kun roƙe ta. In muka yi ƙorafi sai ta ce ita ba ta sayar da alewa. Tatsuniyoyinta da yawa suna nan a kaina. Guda ɗaya ce na rasa ƙarshenta, ita ce kuma na fi so, kuma da hannuna na ɓatar da shi.

Labarin wani madugu ne mai jan ayarin fatake zuwa ƙasar goro. Ya san hanya kamar tsakar gidansa: kukar da ake karya kwana a gindinta, dutsen da ake bari a hannun hagu, rafin da ba a shiga sai da safe. Wata rana a kasuwa wani baƙo ya ba shi tsuntsu a keji, ya ce duk mararrabar da aka iso, a tambaye shi, zai faɗi hanya. Haka kuwa aka yi. Tsuntsu ya ce dama, a yi dama, a isa lafiya. Tun madugu yana duba kuka da dutse don ya tabbatar, har ya daina ɗaga kai. Ya koma yin gyangyaɗi a kan jaki. Cikin ayarin duka, ƙaramar 'yarsa ce kaɗai take kallon hanya, tana ƙulla igiya duk inda aka juya.

"Tsuntsun nan," in ji Kaka, tana juya doya da tsinke, "bai taɓa cewa ban sani ba. Ku riƙe wannan."

Wata shekara ruwa ya cinye gada, ayari ya zaga ta inda ba a taɓa bi ba, suka iso wata mararraba mai hanya uku. Madugu ya tambaya. Tsuntsu bai taɓa ganin wurin ba, amma ya buɗe baki da irin muryarsa ta kullum ya ce, ta tsakiya.

Nan nawa ya tsaya. Na san akwai saura mai tsawo. Na san ranar na yi kuka har da shessheƙa, Kaka ta share mini hanci da bakin zanenta ta ce, "Yi abinki, ƙawata, ni ma na yi da aka ba ni ita." Na san Sani ya bar rabon doyarsa bai ci ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Amma abin da ya sa ni kukan, ba ni da shi yanzu.

Ga yadda aka yi, bayan Kaka ta daɗe da rasuwa. Aikina yau shi ne koya wa manya amfani da ƙirƙirarriyar basira, abin da mutanen nan ke kira IA. Muna da ɗaki a Parakou, a saman wani shago kusa da Gare, wato tashar jirgin ƙasa, duk Asabar da safe. Ɗalibaina teloli ne, da 'yan zem masu ɗaukar fasinja a babur, da matan kasuwar Arzèkè. Ina nuna musu inda za su danna su yi magana, ta rubuta musu takarda da Faransanci zuwa ofis, ko ta tsara musu tallan atamfa, ko ta fassara musu saƙon da ya fi ƙarfinsu. Aiki ne mai amfani, ba zan ce ba haka ba. Na ga dattijuwa ta yi hawaye ranar da ta aika wa jikanta wasiƙa ba tare da ta roƙi kowa ba.

Sai dai sabon shiga yana jin tsoro. Ya riƙe salula kamar an ba shi jaririn wani. Don in sa su saki jiki, wata Asabar na ce bari mu yi wasa. Na ba na'urar tatsuniyar madugu har zuwa mararraba, na ce ta ƙarasa. A lokacin ƙarshen Kaka yana nan a bayan kaina, kamar sunan mutumin da ka sani ya ƙi zuwa baki. Da na zauna na nutsu, ko na buga wa dangi waya a Zugu, da ya dawo. Ban yi ba. Ina sauri in burge aji.

Kafin in ajiye salular ta gama. Ta ce ayari ya ɓata a daji, yarinya ta fito da igiyarta, ta bi ƙulli ɗaya bayan ɗaya ta mai da su gida. Uban ya ba ta haƙuri, ya buɗe keji ya saki tsuntsu, gari ya yi shagali, daga ranar kowa ya koyi sauraron na ƙasa da shi. Aji ya tafa. Ni ma ya yi mini daɗi, sumul, ba ƙaya ko ɗaya. Na mai da shi darasin farko ga duk sababbin ɗalibai, Asabar bayan Asabar ina karanta shi.

Wautata ba ta tsaya nan ba. Na ɗauki tatsuniyar gaba ɗaya a saƙon murya, wanda muke kira bokal, ina kwaikwayon maganar Kaka, har da zancen kunne cikin toka, na tura wa dangi. Ban ce musu ƙarshen na na'ura ne ba. Sani ya rubuto cewa kamar tsohuwa ta dawo. Yabon ya shige ni, ban gyara masa ba.

Wanda ya tsayar da ni Malam Idi ne, wani dattijo mai makarantar allo da ya zo koyon rubuta wa iyayen yara takarda. Bayan na gama karanta wa ajinsu, kowa na dariya, shi ya ɗaga hannu.

"Malama, wannan ƙarshen, daga bakin tsohuwar kika ji shi?"

"A'a, Malam. Na'ura ce ta ƙarasa."

"To nata fa?"

Na buɗe baki da niyyar in faɗa. Abin da ya zo mini shi ne igiya, da keji a buɗe, da shagali. Na sake lalubawa, su ɗin dai. Na tsaya a gaban mutane goma sha wani abu kamar an ɗauke mini wuta.

Malam Idi bai yi dariya ba. Ya ce, "Mu a wurinmu, in yaro ya haddace aya da kuskure, cire ta ya fi ɗora sabon karatu wuya. Allah ya sa akwai wanda za ki tambaya."

Mutum ɗaya ya rage. Goggo Rabi, ƙanwar babanmu, ita kaɗai ce a raye cikin 'ya'yan Kaka, kuma ta ji tatsuniyar nan sau ba adadi. Washegari na hau mota zuwa Zugu. Na same ta a tsakar gida, idonta ya yi rauni, tana tsince wake da lalube. Bayan gaisuwa na ce ta ba ni ta madugu.

Ta gyara zama da murna. Ta kawo kuka da dutse, ta kawo baƙo da keji, ta iso mararraba. Sai na ji ta ce yarinya ta fito da igiyarta. Kalma bayan kalma, har da sauraron na ƙasa da kai, maganar da Kaka ba za ta taɓa yi ba.

"Goggo, haka Kaka take ƙarasa ta?"

"To da yaya? Ba ke kika aiko ba? Wallahi bokal ɗin nan kullum sai na sa an kunna mini. Da ma ta fara kwance mini, kika tuna mini."

Na gaya mata gaskiya. Na ce ƙarshen ba na Kaka ba ne, salula ce ta ƙirƙira. Ta daina tsintar waken.

"Hadiza, to don me kika sa muryar Inna a kai?"

Ta rufe ido tana ƙoƙari, leɓenta na motsi. "Akwai dai wanda ya zauna gindin wata itaciya yana jira... ko yarinyar ce, ko jakin ne... a'a." Ta girgiza kai. "Ya tafi, 'yar nan. Da kin zo bara, da kin same shi."

Na yi kuka a motar dawowa, kuma ba irin na madafa ba ne. Wancan akwai mai share mini hanci.

Ina yarinya na ɗauka tsuntsun ne mugun labarin. Yanzu na ga shi aikinsa ya yi, an tambaye shi ya amsa. Madugun ne ya san hanya ya sakar masa ita don ya huta. Har yau ina koyarwa, ban kuma hana kowa amfani da na'ura ba. Abin da na sauya shi ne darasin farko. Ina ce musu takardar ofis da tallan kaya, ku ba ta. Amma abin da ku kaɗai kuka sani, na gidanku, ku fara faɗinsa da bakinku, ku tambayi tsohon da ya rage, kafin ku bari ta cike muku gurbi. Wasu su gyaɗa kai, wasu na ga idonsu yana kan salula.

Kwanan baya, muna fere doya da la'asar, 'yata Aisha ta ce in ba ta ta madugu. Na ba ta yadda na karɓa, har tsuntsu ya ce ta tsakiya. A nan na tsaya, na ce mata sauran ban sani ba.

Ta dube ni da tausayi. "Ni na sani, Mama. Kawu Sani ya kunna mana."

Ta ajiye wuƙa, ta ba ni labarin igiya da shagali, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ta gama ta ce Kaka Dije lallai mace ce mai taushin zuciya.