Shif ɗin Attahiru

Faɗan da na yi da Attahiru, ƙanin marigayi mijina, a kan dawa ne, kuma har yau ni ke da gaskiya.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a wata masaƙa a garin Hasahisa. Da aiki ya tsaya, ya dawo mana ƙauye da agogon hannu da kalmar Turanci ɗaya tak, shif. Abokan aikinsa wardiyya suke cewa, shi kuwa ta bakin injiniya ya ɗauko, wai ta fi nauyi. Na tambaye shi ma'anarta, ya ce a raba yini, kowa ya yi nasa, lokacinsa na cika ya tashi wani ya karɓa. Na ce ai karɓa-karɓa ke nan, kakata ma ta san ta. Ya ce a'a, shif da agogo ake yin sa.

Kafin wata guda komai ya zama shif. Jakinsa na da shif ɗin ɗibar ruwa. In ya miƙe a gindin darbejiya yana minshari, shif ɗin hutu ne. Liman ya yi mura, ladan ya ja salla, Attahiru ya ce ya karɓi shif. Mu mata muka cafe, har mai naƙuda sai a ce ta shiga shif, ungozoma na dariya tana share hawaye.

Sai dawata ta fara nuna a hawasha, gonar da mijina ya bar mini a bakin ruwa. Abincina na shekara ke nan. Tsuntsayen jan-baki suka sauko garke-garke. Attahiru ya tsara korarsu: shi daga asuba zuwa ƙarfe goma, Usmanu maƙwabcinmu daga goma zuwa la'asar. Goma na cika ya ajiye gwangwanin kora ya kama hanya, don haka ake yi a masaƙa. Usmanu kuwa, wa ya taɓa wuce mutane suna fatur, karin kumallon hantsi, bai zauna ba? Ya ci, ya sha jabana, gahawarmu, ya gaida gida bakwai, ya isa gona da azahar. Tsuntsaye ma sun yi nasu fatur ɗin, kunya shida fes.

Na iske Attahiru yana nuna mini agogo, wai ko minti bai rage ba.

"Tsuntsun nan a wace masaƙa ya yi aiki, da zai san goma ta yi?"

"Yaya Rabi, ƙa'ida ce."

Na kwance ƙa'idar daga hannunsa na ƙulle ta a haɓar zanena. Ya koma gona yana duban rana kamar kowa, ba ya motsawa sai Usmanu ya tsaya gabansa. Muryarsa ta dishe, amma sauran dawar ta shiga rumbu.

Da ya samu aikin gadi a Rusairis, wajen madatsar ruwa, na raka shi bakin mota na mayar masa da agogonsa. Na ce, "Attahiru, kada ka tashi sai ka ga fuskar mai karɓarka. Can ba dawa za ka bari ba, kogi ne, mu kuma a ƙasa muke."