Tun Ganuwar Jidda Na Tsaye

Na gama digiri a Sifaniyanci, na zauna a gida fiye da yadda nake son in faɗa. A unguwarmu Sharafiyya, nan Jidda, ba wanda ya ga amfanin karatun. Kawuna ya samo mini aikin sito a unguwar Khumra, na yi ta kaucewa. Ana nan sai wani kamfanin yawon buɗe ido ya kira ni gwaji. Jirgin ruwa zai kawo baƙi daga Sifen, za a zaga da su Balad, tsohon garin Jidda, ni kuma in riƙa fassara abin da jagora ya faɗa. In na yi abin kirki a ɗauke ni. In ban yi ba, na riga na yi wa kawu alkawarin tafiya sito.

Duk zancen tsohon gari zancen daɗewa ne: yaushe aka gina wannan gida, yaushe aka rushe wancan. Ta nan ban ji tsoro sosai ba, don Sifaniyawa kusan yadda muke faɗa suke faɗa. Mu mu ce abu ya yi shekara kaza, su ma su ce ya yi shekara kaza, sai dai su suna son a cike wurin kazan nan da lamba. Abin da ya tayar mini da hankali maganar wani abokina ce da ya taɓa irin aikin. Ya ce baƙi za su dube ni, su ga baƙar fata, su tambayi yaushe na zo ƙasar nan.

A nan aka haife ni, a nan aka haifi babana. Tambayar ta sha ɓata mini rai tun ina makaranta. Amma ina so in amsa ta daidai, kuma ni mutum ne da ba ya iya faɗin abin da bai tabbatar ba. Sai na je wurin kakata, na same ta tana tsince shinkafa.

"Hajiya, shekara nawa ke nan da zuwanku?"

"Ji mini maigidan nan. Ka taɓa ganin ɗan goye yana lissafi? A bayan uwata na ƙetare teku."

"To ko kusa-kusa."

"Mu da hajji muke ƙirga, ba da shekara ba. Na riƙe lissafin har hajjin da aka haifi ubanka, daga nan halas, shi ke nan, 'ya'ya suka ɗauke mini hankali. Kai da ka yi digiri ba a koya muku ba?"

"Ba a koya mana zuwanki ba, tsohuwa."

"Ashe karatun banza ka yi. Saki nake nema."

Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce abin da ta sani shi ne ganuwar Jidda na tsaye lokacin. Su a bayan ganuwar suke zaune, a bukkoki. Babanta ga-ruwa ne, yana hawa da garwa biyu har saman dogayen gidajen nan na Balad, kuma dole ya fito kafin a rufe ƙofar gari. Na koma ɗaki ba lamba a hannu. Na so in ƙiyasta wata, na ga ƙarya ce za ta zama, na bari.

Ranar gwaji jagoran da aka haɗa ni da shi mutum ne mai sauri, Larabcinsa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Shi ne kuma zai faɗa wa kamfani ko na iya. Ina jin na yi daidai a farko, ko da yake na cika saka "wataƙila" a inda shi bai saka ba. Muna tsaye a ƙasan matakalar wani gida sai wata dattijuwa mai mafici a hannu ta dube ni, cikin fara'a, ta yi tambayar.

"Me ta ce?" in ji jagora.

Na gaya masa.

"Ka ce mata ko me, yalla, yi sauri, rana na yi."

Na ce da ita gaskiya ban san adadin shekarun ba, don kakata da hajji take ƙirga, kuma lissafin ya ɓace mata. Na ce amma mun zo tun ganuwa na tsaye, tun ana rufe ƙofar gari. Na nuna matakalar na ce baban kakata ya hau irinta da ruwa a kafaɗa. Na ƙara da cewa ba zan rantse wannan gidan ne ba.

Ba wanda ya motsa. Wani mutum ya leƙa matakalar, ya ga ƙuncinta da tsayinta, ya tambaya ko sau ɗaya ake hawa a yini. Na ce ban sani ba, amma ba na zato. Dattijuwar ta ce kakanta ma da girbin zaitun yake ƙirga lokaci. Tambayoyi suka yi ta zuwa, duk a kaina, jagora na tsaye a gefe. Na ce a raina shi ke nan, na wuce gona da iri, ɗan fassara ya ƙwace wa mai gida baƙi.

Ya matso ya ce in maimaita masa da Larabci abin da na faɗa musu. Na maimaita, ina rage murya. Ya dubi matakalar shi ma. Da muka isa inda tsohuwar ƙofar gari take, bai fara bayaninta ba. Ya miƙa hannu ya ce, "Kai ka faɗa musu."

Na faɗa. Ban tsaya ba, kuma in ban manta ba ko sau ɗaya ban nemi kalma na rasa ba.

A mota, bayan mun mayar da su tashar jirgi, ya ce wani jirgin na zuwa mako mai zuwa, in zo da wuri. Na tambaye shi ko gwaji na biyu ne.

"Wane gwaji? Aiki."

Sai da na sake tambaya, don in tabbatar.