Bunsurun Gidan Alhaji

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba zan manta fitinar da jan bunsurun makwabcinmu ya jawo mini a Lafagu ba. Lokacin ban daɗe da aure ba. Maigidana ya tafi fataucin albasa, ni kuma na turara shinkafa na shanya a tsakar gida. Dabbar nan ta hauro ta inda katanga ta zube, ta ci ta ƙoshi, sannan ta shige ɗakina ta tauna mini gefen zane.

Raina a ɓace na tafi wurin niƙa. Saboda ƙarar inji sai na ɗaga murya ina gaya wa ƙawata cewa bunsurun gidan Alhaji ya sake hauro mini katanga har cikin ɗaki, kuma ba yau ya fara ba. Na ga matan da ke layi suna kallon juna, amma ban kawo komai a raina ba. Na sha'afa cewa namijin da ba ya iya kawar da kai daga mata shi ma bunsuru ake ce masa, ga shi Alhaji yana da ɗa saurayi da aka sa wa ranar aure.

Kafin kasuwa ta zagayo, magana ta ƙetare iyaka ta isa garin su amarya a ƙasar Benin. Iyayenta suka aiko a dakata da biki. Surukata ta kira ni, ko gaisuwata ba ta amsa ba, ta ce in faɗi gaskiya kafin ɗanta ya dawo. Na yi rantsuwa har na gaji.

Sai da aka tara mu gaban mai unguwa, har da kawun amarya da ya zo a babur. Angon yana zaune kai a ƙasa, bai san hawa ba bai san sauka ba. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, bunsurun nan da kika faɗa, ƙafarsa nawa?" Na ce huɗu, ranka ya daɗe, ga ƙaho ga gemu. Kowa ya kwashe da dariya ban da ni da angon.

An yi bikin. Amma har yau, da 'ya'yansa da komai, Bunsuru abokansa ke kiransa, matarsa kuma ba ta taɓa sakar mini fuska ba. Mai ɓarnar kuwa ko ɗaure shi ba a yi ba, wai shi ke barbarar awakin unguwa.

Ranar na gane cewa in kalma tana da ma'ana biyu, wadda ta fi daɗin yayatawa mutane ke ɗauka. Tun daga nan ko zakara ne ya yi mini ɓarna, sai na fara bayyana cewa mai fukafukai nake nufi.