Hannun Daman Baba Anto

Kullum kafin motar farko ta tashi daga tashar Gummi, Anthony ya riga ya buɗe shagonsa. Sai ya share ƙofa, ya cika tsohon bokitin fenti da yashi ya ajiye gefen benci, sannan ya ɗora tabarau a karan hanci ya zauna. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, tun ranar da ya iso daga Binuwai da akwatin kayan gyaran rediyo. Mu dai Baba Anto muke ce masa, kuma Zamfarancin bakinsa ya fi na wasunmu da aka yanke wa cibiya a nan. Ƙarshen watan nan zai sauka daga bencin, domin hannunsa na dama, wanda ya nemi abinci da shi duk shekarun nan, ya daina riƙe ƙarfen liƙa waya. Ina so mutane su san abin da ya ci hannun.

Rediyo ta ja baya, wayar hannu ta shigo, ya bi ta. Daga baya masu haƙar zinare na wajen Bagega suka fara kawo motocin wasa masu rimot. Kada ka ce na yara ne. Gandama-gandaman maza masu gemu, daga Anka da Bukkuyum da nan Gummi, su ke haɗuwa a filin bayan tasha ranar kasuwa suna tsere. Kowa so yake tasa ta fi gudu, kuma kowa ya yi imani maganin gudu shi ne ƙarin batir.

Mu kuma da batirin rediyo muka girma. In ya yi sanyi a shanya shi kan kwanon ɗaki, ko a ɗan cije shi, sai ya farfaɗo. Haka muka ɗauko wannan ilimi namu muka ɗora wa batiran zamani da ake cirowa daga matattun kwamfutoci. Baba Anto ya yi faɗa har muryarsa ta dushe.

"Wanga ba batirin rediyo na ba," yakan ce. "In ka cije shi, shi ma cizonka za shi yi."

Ba ƙin ƙara wa mota ƙarfi yake ba. Yana ƙarawa, amma sai ya sauya mata wayoyi masu kauri, ya yanko ɓallin tsohuwar tukunyar alminiyom ya manna wa ɗan injin don ya sha zafi, ya huda jikin motar iska ta ratsa. In an gwada, sai ya ɗora bayan yatsa a kan injin. Muddin bai iya ƙirga biyar ba, motar ba za ta bar shagon ba. Muna ce masa matsoraci, kuma da bakina a cikin masu faɗa.

Ɗanladi, ɗan kabu-kabu mai 'ya'ya uku, shi ya fi kowa zafin kai. Motarsa mai cin batir biyu ce, ya zo yana son huɗu, saboda mutanen Anka sun kunyata shi a tseren da ya wuce.

"Baba, ka aza min huɗu, ni nas san abina."

"Ba ni azawa, Ɗanladi. Uku ma da lalama za ta ɗauka."

Ya fice da fushi, ya samu wanda ya ɗaure masa huɗun da kyauron roba.

Ranar tseren bazara ce, rana tsaka. Motar ta yi gudun da ba mu taɓa gani ba, muka yi ta tafi. A zagaye na uku ta daina jin rimot, ta saki fili, ta ratsa ƙafafun mutane, ta shige ƙarƙashin teburin Faruku mai sayar da fetur a galan-galan, ta maƙale tana fitar da farin hayaƙi. Tasha cike take da fasinjoji. Duk muka watse, har Faruku.

Sahura mai ƙosai, wadda kaskonta ke kusa, ta ga komai. Ta ce Baba Anto bai yi gudu ba, taku ya yi da sauri, ya durƙusa ya zura hannu tsakanin galan-galan ya fizgo motar. Saura taku biyu ya kai bokitin yashinsa batirin ya fashe. Bai saki ba sai da ya tura ta cikin yashin.

Fetur bai kama ba. Babban yatsansa da manuni kuwa sun sandare, an je Gusau sau biyu, likitoci suka ce sai haƙuri.

Ɗanladi ya je gaishe shi asibiti, ya tsugunna yana kuka. Baba Anto ya ce masa, "Tashi, kuka ba ya liƙa waya. Ni ina da ido, kai kana da hannu. Ran Litinin ka taho shago." Shekara guda ke nan suna zaune benci ɗaya, wannan na faɗa wancan na yi. Ɗanladin ne Baba Anto zai bar wa shagon.

Baba Anto, kai ne ka ce a'a lokacin da i ta fi daɗin faɗa. Kai ne ka nufi wurin da 'yan gari suka guje wa, alhali ba feturinka ba ne, ba motarka ba ce. Na ji kunyar dariyar da na yi maka, kuma ina faɗa a gaban kowa. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya. Masu gyara na Anka da Gummi da Bukkuyum, ku koyi wannan a'ar, ku faɗe ta ko da mai kaya zai fita yana zaginku.

Shekaranjiya na je yi masa ban kwana. Ya miƙo min hannun hagu, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da hagu."

Haƙuri kuma, Baba? Jama'ar Gummi, duk wanda wannan dattijo ya miƙo wa hagu, ya miƙe tsaye ya karɓa da hannu biyu.